Injin jijjiga jiki da tsofaffinmu: tambayoyin da ake yawan yi min a Jidda da Makka

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tunda tallan injin nan da ake hawa a tsaya yana jijjiga mutum ya cika Snapchat da TikTok, gashi a kasuwannin intanet irin su Noon da Amazon har a Haraj ana saida na hannu, duk wanda ya san ina aiki a ɓangaren gashin ƙashi, wato ilaj ɗabi'i kamar yadda muke cewa a nan, sai ya tare ni da tambaya. Wasu a ƙofar masallaci, wasu a wajen ɗaurin aure, wasu kuma saƙon murya suke turowa cikin dare. Kuma yawanci ba don kansu suke tambaya ba, don iyaye ne, tsoho ko tsohuwa da ƙafa ta fara gazawa. Shine na tattaro tambayoyin yadda aka yi min su na amsa. Amma dan Allah a kai tsoho likita ya duba shi da hannunsa kafin a fara komai, rubutu ba ya taɓa gwiwa ya ji inda take ciwo.

Malam wai shi injin nan me yake yi ne a jiki?

Faranti ne mai faɗi da ƙaramin inji a ƙarƙashinsa, in aka kunna sai ya dinga motsi da sauri sosai, sau 10, sau 20, wani har sau 40 a daƙiƙa ɗaya. Wannan adadin shine zaka ga an rubuta Hz a takardar injin. Nisan motsin kuwa ɗan mitsitsi ne, 'yan milimitoci kawai.

A cikin tsokar mutum Allah ya sa wasu ƙananan jijiyoyi da suke jin duk sanda aka ja tsokar, da sun ji sai su aika saƙo zuwa laka, laka ta maido da umarni tsoka ta ɗaure, duk ba tare da mutum ya yi niyya ba. Wasu masana biyu a Suwidin, Eklund da Hagbarth, sun yi bayanin yadda jijjiga take tada wannan tun 1966. Kamar dai ka tsaya a cikin bas a hanya mai gargada, ba kai ka ce wa ƙafarka ta riƙe ba amma cinya da sharaɓa suna ta aiki. Toh shine dabarar, tsohon da ba zai iya yin atisaye mai nauyi ba a sa tsokarsa ta yi aiki yana tsaye wuri ɗaya.

Duk iri ɗaya ne?

A'a. Akwai wanda gefen dama yake ɗagawa na hagu ya sauka suna karɓa-karɓa, irin Galileo da ake yi a Jamus tun 1996, shi ya fi kama da yadda ƙugu yake motsi in ana tafiya kuma jijjigarsa bata cika hawa kai ba. Akwai wanda farantin gaba ɗaya yake hawa da sauka tare, irin Power Plate, shi yawanci ana kunna shi daga 25 zuwa 45 Hz. Sai na uku mai laushi sosai wanda da ƙyar zaka ji yana motsi, ana tsayawa a kansa har minti 20. Na gida masu arha kusan duk irin na farko ne.

Hajiyarmu ba wani ciwo take ba, ƙarfi ne kawai babu. Ba tsufa bane wannan?

Tsufa ne 'yar'uwa, amma ba tsufa kaɗai bane, kuma a nan nake so mu tsaya sosai don ya fi maganar injin muhimmanci a wajena.

A 2001 wata likita a Amurka, Linda Fried, da abokan aikinta suka fitar da alamomi 5 na tsohon da jikinsa ya yi rauni: ramar da ba'a neme ta ba kamar kilo 4 da rabi a shekara, yawan jin gajiya, hannu ba ya iya damƙa da ƙarfi, tafiya a hankali, da rashin motsi. Wanda ya haɗa 3 a ciki shine mai rauni, ƙaramin abu kamar mura ko zamewa a banɗaki sai ya kwantar da shi watanni. Kuma abinda mutane basu sani ba shine ana iya juya wannan yanayin baya, musamman in an farga da wuri.

Mu Hausawa muna da tarbiyya alhamdulillah, bama bari tsoho ya wahala. Hajiya ta miƙa hannu zata ɗauki buta, jika ya riga ta. Ta yunƙura zata ɗauko carbinta, "a'a Hajiya zauna bari in kawo miki". Abinci a ajiye a gabanta, ruwan alwala a kawo mata da roba har gado, ga shagga, wato gidan da ake zaune, a hawa na uku ba asansir, wato lifta, ga zafin Makka da ba ya barin kowa ya leƙa waje da rana, sai ka ga tsohuwa ta yi wata guda cur tafiyarta bata wuce daga katifa zuwa banɗaki ba. Wannan tsohuwar da a gida take, da tana tsakar gida tana ba kaji tsaba, tana shiga maƙota gaisuwa, tana zuwa suna da ta'aziyya a ƙafa. Duk don so muke yi, na sani, amma wallahi zaman nan shi yake cinye musu ƙafa. An yi wani gwaji a Amurka aka buga a 2007, aka kwantar da tsofaffi masu ƙoshin lafiya a gado kwana 10 kacal, sai gashi sun rasa kusan kilo 1 na tsokar ƙafa. Masu lafiya kenan fa, ina ga wanda dama da rauninsa.

Shiyasa faɗuwa take biyo baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 28 zuwa 35 cikin 100 na masu shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa a kowace shekara, kuma mutum 684,000 ne suke mutuwa duk shekara a duniya sanadin faɗuwa, waɗanda suka haura 60 su suka fi yawa a ciki. Karayar ƙugu kuwa ita ce wadda muka fi tsoro, don da yawa daga ita basa sake tashi yadda suke.

Ya zamu gane Baba yana cikin haɗarin faɗuwa?

Akwai awo mai sauƙi da zaku yi a falo. Ku samu kujera mai hannu wadda bata zamewa, ku auna mita 3 daga gabanta ku sa alama a ƙasa. Baba ya zauna ya jingina, in aka ce "tashi" ya miƙe ya je alamar ya juyo ya dawo ya zauna, da irin tafiyarsa ta kullum, da sandarsa in yana riƙe sanda, wani yana gefensa yana bin sa. A duba agogon waya. In ya kai daƙiƙa 12 ko ya wuce toh a ɗauke shi mai haɗarin faɗuwa. Ku rubuta lambar da kwanan wata a ajiye, zata yi amfani nan gaba.

Da gaske injin yana aiki ko dai talla ce kawai?

Yana da ɗan amfani, amma bai kai yadda masu talla suke zuzuta shi ba. Bari in kawo duka ɓangarorin.

A Beljiyam, a 2005, an gwada shi a kan mutum 42 a gidan kula da tsofaffi na tsawon sati 6, waɗanda aka haɗa musu jijjiga da gashi sun fi waɗanda aka yi wa gashi kaɗai samun sauƙi a tafiya da tsayuwa, har lokacinsu a irin awon kujerar nan ya ragu. A Honkon kuma an yi babba, aka buga a 2014, tsofaffin mata 710 aka bi su wata 18, wani rukuni suna hawa irin mai laushin nan a 35 Hz minti 20 a rana, kwana 5 a sati, kuma faɗuwa ta ragu a cikinsu sosai in aka gwada da waɗanda basu hau ba.

Amma a Sifaniya, a 2015, aka ɗauki tsofaffi 159 a gidajen kulawa aka raba biyu, duka suna atisaye iri ɗaya sai dai rabi suna yin nasu a kan injin rabi a ƙasa. Bayan sati 6 duka sun ɗan ci gaba, kuma babu wani bambanci tsakaninsu. Ma'ana atisayen ne ya yi aikin.

Toh in ka haɗa su ga abinda yake fitowa: in aka gwada injin da zaman banza, injin ya fi. In aka gwada shi da atisaye na gaskiya, ƙarin da yake yi kaɗan ne ko ma babu. Shi kuwa atisaye hujjarsa ta fi ƙarfi nesa, babban nazarin 2019 na Cochrane, ƙungiyar da take tattara sakamakon gwaje-gwajen lafiya, ya nuna motsa jiki yana rage yawan faɗuwar tsofaffin da suke zaune a gidajensu da kusan kashi 23 cikin 100.

To in haka ne wa zai amfana da shi?

Wanda ya yi rauni har ta kai tashi daga kujera sau 5 ya gagare shi. Wanda ya taɓa faɗuwa tsoro ya shige shi ya daina yarda da ƙafarsa. Wanda numfashinsa yake yankewa da ya taka kaɗan. Irin waɗannan in ka ce musu atisayen minti 30 ma dariya zasu yi maka, amma tsayuwar daƙiƙa 30 suna riƙe da ƙarfe zasu iya, kuma da yawansu suna jin daɗin abin, suna ɗokin zuwa, wanda shi kansa wannan ba ƙaramin abu bane a wajen tsohon da ya fidda rai. Ni haka nake amfani da shi, matakalar farko ce, da ƙafa ta ɗan dawo sai mu ƙara tashi da zama da tafiya, a hankali su zama sune babban aikin.

Amma Alhajin da har yanzu yake takawa masallaci sau 5 a rana yana hawa bene da kansa, gaskiya bana ganin yana buƙatarsa.

Su waye bai kamata su hau ba?

Nan ba wajen gwaji bane dan Allah. Kar a ɗora wanda yake da jalɗa a ƙafa, wato gudan jini a jijiya, ko aka taɓa zarginta kwanan nan, musamman in ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi. Kar a ɗora mai karayar da bata gama haɗewa ba, ko wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, ko wanda bai daɗe da aka canza masa gwiwa ko aka sa masa ƙarfe a ƙugu ba. Haka mai batirin zuciya, mai farfaɗiya, mai tsakuwar ƙoda ko ta matsarmama, mai ƙaba, mai disk a baya da yake kan tashi, mai ciwon daji da ya taɓa ƙashi, mai hawan jinin da bai daidaita ba, da mai yawan hajijiya. Ido ma a kula, wanda aka cire wa yanar ido kwanan nan ko aka yi masa aiki a bayan ido ya jira sai likitan ido ya amince.

Wasu daga cikin waɗannan ba haramci bane na har abada, misali mai gwiwar da aka canza ta daɗe ta zauna likitansa zai iya ba shi izini, amma likitan ne zai faɗa ba mai shago ba. In zuwa asibiti yana wahala a fara da kiran 937 na ma'aikatar lafiya a yi tambaya. Kuma in zaku je ku kwashi duk magungunan da tsohon yake sha a leda ku tafi da su, don maganin barci da wasu magungunan hawan jini da na fitsari su kansu suna sa jiri in an miƙe, sau da yawa gyara magani kaɗai yana rage faɗuwa.

Mahaifiyata tana da suga, tace tafin ƙafarta kamar ba nata ba. Zata iya?

Sai an duba ƙafar tukuna. In akwai gyambo, ko ƙuna, ko tsagewa tsakanin yatsu, bata hawa sam har sai ya warke. In ƙafar lafiya take sai dai mutuwar jin, likita zai iya yarda ta hau a hankali, amma duk sanda ta sauka ke da kanki ki ɗaga ƙafar ki duba tafin da dunduniya da tsakanin yatsu, don ita ba zata ji ba ko fata ta goge. Kuma kar ta hau da yunwa bayan ta yi allurar insulin, a ajiye dabino ko lemo a kusa.

Ya ake tsayawa a kai, kuma minti nawa?

Bari in faɗi yadda muke yi da sabon zuwa. Injin a ƙasa mai tauri, ba kan kafet mai laushi ba. In ba shi da mariƙi a ajiye shi gaban wani abu da ba ya motsi, ba labule ba, ba kujerar roba ba. Tsohon ya hau injin yana kashe, da safa mai roba a ƙasa ko takalmi mara tudu, a tattare zani ko jallabiya kar ta shiga ƙarƙashin ƙafa. Ƙafafu kusa da tsakiya, domin a irin mai karɓa-karɓa duk yadda aka ware ƙafa haka motsin yake ƙara ƙarfi. Sai abu mafi muhimmanci, gwiwa a ɗan lanƙwashe, kar a sandare ta. In gwiwa ta miƙe sak jijjigar tana wucewa ta baya ta hau kai, zaka ga kumatu suna rawa, haƙora suna haɗuwa, ido yana gani dishi-dishi. Ni nakan sa su yi magana, in ce Baba karanto min Ƙulhuwallahu, in na ji muryar tana karkarwa sosai na san jijjiga ta kai sama, sai in ce ya ƙara durƙusawa kaɗan ya matso nauyinsa gaban ƙafa.

Mai taimako ya tsaya a gefe, ɗan baya kaɗan, hannu ɗaya kusa da ƙugun tsohon, ɗayan kusa da maɓallin kashewa. A kunna a mafi ƙaranci. Daƙiƙa 30, a kashe, ya zauna ya huta minti 1, a sake. Sau 3 ko 4 ya isa ranar farko. Ana yi kwana 2 ko 3 a sati ana tsallake rana, a hankali a kai daƙiƙa 60 sau 5 ko 6. In an kashe kar ya sauko nan take, ya ɗan tsaya yana riƙe sannan ya sauko da ƙafa ɗaya-ɗaya, don a daidai saukowar nan ne ƙafa take yaudarar mutum.

Kuma kar a taɓa barin tsoho mai rauni shi kaɗai da injin, ko da ya ce ya saba.

Ƙafarta ta yi ja tana ƙaiƙayi bayan ta sauka, matsala ce?

Ba matsala bace, jini ne ya ƙaru a fata, yana lafawa cikin mintuna kuma yawanci bayan 'yan zuwa yake daina yi. Abinda ake tsayawa dominsa shine jiri, tashin zuciya, ciwon kai, ciwon ƙirji, ganin duhu, ko ciwon gwiwa da baya da ya kwana ya wuni bai sauka ba.

Ance yana ƙara ƙarfin ƙashi?

A kan ƙashi sakamakon ya rabu. Wani gwaji a Beljiyam a 2004 ya ga ƙashin ƙugun mata ya ɗan ƙaru, ƙasa da kashi 1 cikin 100, bayan wata 6. Wani a Kanada a 2011 da mata 202 na shekara guda bai ga wani canji ba. Don haka wadda aka auna aka ce ƙashinta ya zaizaye ta ci gaba da maganinta, kar ta ajiye shi saboda inji. In ma zaizayewar ta yi tsanani ko ta taɓa samun karaya a ƙashin baya, jijjiga mai ƙarfi bata dace da ita ba. A nemi awon bitamin D ma, ƙarancinsa ya yi yawa a ƙasar nan duk da ranar da muke da ita, tunda kowa yana ɗaki ƙarƙashin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki.

Yana rage tumbi?

A'a. Kuma tsoho mai rauni ba rama muke nema masa ba, tsoka muke nema.

Baba ba ya iya tsayuwa ko da riƙo, a zaunar da shi a kan farantin?

Kar a zaunar da shi a kai, jijjigar zata shiga ƙashin baya kai tsaye ba gwiwar da zata tare. Abinda ake yi shine ya zauna a kujera ya ɗora tafin ƙafafunsa a kan farantin. Wannan yana ɗan motsa jini yana kuma sa shi ya saba, amma ba zai koya masa tsayuwa ba, tsayuwa sai da tsayuwa. Mai irin wannan raunin ma'aikacin gashi ya kamata ya fara ganinsa, ko a asibiti ko a kawo shi gida.

Mu fa bamu da kuɗin inji, ga haya ga kuɗin igama, wato izinin zama. Shikenan mun rasa?

Baku rasa komai ba ɗan'uwa, wallahi abinda ya fi ƙarfin hujja ma kyauta ne. Akwai tsarin da aka fitar a jami'ar Otago ta ƙasar Niyuzilan, atisayen ƙafa da tsayuwa a gida kamar minti 30 sau 3 a sati da ɗan tattaki, an gwada shi ya rage faɗuwa da kusan kashi 35 cikin 100, kuma ya fi amfanar waɗanda suka kai 80. Ba wani abu bane mai wuya. Tashi da zama daga kujera, da farko da hannu daga baya ba hannu. Riƙe bayan kujera mai nauyi a ɗaga dunduniya a sauke. Ɗaga ƙafa gefe. Tsayawa ƙafa ɗaya gaban ɗaya ana dafe da bango. Tafiya gefe-gefe a jikin bango. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a ƙa'idarta ta 2020 abinda ta ce kenan, tsofaffi su yi atisayen ƙarfi da na tsayuwa aƙalla kwana 3 a sati.

Ni shawarar da nake ba iyalai ita ce a ɗaura shi da lokacin salla don kar a manta, bayan la'asar a tashi a zauna sau 5, bayan isha a sake, in ya yi sauƙi a ƙara. Jika ya zauna yana ƙirga mata, zaki ga ta fi yi da zuciya ɗaya. Sannan a mayar mata da ƙananan ayyukanta, ta ɗauko butarta, ta ninke dardumarta, ta zo falo a ci abinci tare. Ku tsaya kusa, amma ku bari ta yi.

Gidan ma a gyara. Tayil ɗin banɗakunan nan in ya jiƙe da ruwan alwala santsi ne da shi, a shimfiɗa tabarmar roba mai kama ƙasa, a kafa ƙarfen riƙo a bango kusa da masai, a sa kujerar wanka. A bar fitila ɗaya a kunne a hanyar banɗaki da dare. Bakin kafet da ya naɗe da wayar caja da ta ratsa ɗaki a kawar. Silifas ɗin da ya suɗe a jefar.

Sai abinci. Tsoho yana buƙatar furotin kamar giram 1 zuwa 1.2 a kowane kilo na nauyinsa a rana, mai kilo 60 kenan giram 60 zuwa 72, alhali ƙwai ɗaya giram 6 ne kawai. Shayi da tamis da safe, farar shinkafa da rana, kunu da dare ba zai kai ba. A sa ƙwai, laban, ful, adas, kifi, kaza, alale ko ƙosai. Mai ciwon ƙoda shi kam likitansa ne zai yanka masa adadi.

Goggona zata zo Umra daga gida nan da wata biyu, in saya mata ta yi ta hawa kafin mu shiga Harami?

Gara ka kira gida yau ka ce a fara fita da ita tattaki da safe ana ƙara nisa a hankali, da tashi da zama. Sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa kusan kilomita 3 ne, ga ɗawafi, ga tafiya daga masauki, wannan juriya ce da ba'a samunta a tsaye a kan faranti. Kuma wanda ya sauko daga doguwar tafiyar jirgi ƙafa a kumbure ba'a ɗora shi kan jijjiga sai an tabbatar ba jalɗa. In ta iso aka ga ƙafar ba zata kai ba a ɗauki arabiyya, wato keken marasa lafiya, a tura ta ko a hau motocin lantarkin da aka tanada, babu abin kunya a ciki, addini ya yi rangwame.

Da azumi fa?

A mayar da shi bayan buɗa-baki da kamar awa 2, an sha ruwa jiki ya dawo. Kar a yi da rana, musamman mai suga ko mai shan maganin hawan jini.

In zamu saya me zamu duba?

Kafin a saya a fara kai tsohon wajen gashi ya gwada a gaban ma'aikaci, don wani daga hawan farko zai ce shi ba ya so, kuma ba'a tilasta shi. In za'a saya a nemi mai mariƙin hannu biyu masu ƙarfi, faranti mai faɗi wanda bai yi tudu daga ƙasa ba, maɓallin kashewa a kusa da hannu, da nauyin da yake ɗauka a rubuce. A nemi wanda takardarsa ta faɗi Hz da milimita ƙarara, don da yawa daga masu arhar nan lamba kawai suke nunawa daga 1 zuwa 99 ba tare da ka san me take nufi ba. In mai saidawa ya ce na asibiti ne a tambaye shi rajistar hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya. Wanda kuwa ya ce maka yana warkar da shanyewar ɓarin jiki ko suga, ka riƙe kuɗinka. Na hannu a Haraj a kunna a gani tukuna, matashi ya hau ya ji ko yana fizga ko yana tafiya a ƙasa.

In ya faɗi a gida me zamu yi?

Kar a yi saurin cicciɓarsa. A tambaye shi ina ke ciwo, a duba ko ya bugi kai. In ƙugu ko cinya na ciwo ba ya iya ɗaga ƙafar, ko ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, ko ya rikice, ko yana shan maganin tsinka jini kuma ya bugi kai, a bar shi a kwance a lulluɓe shi a kira motar asibiti a 997. In ba komai ya mirgina ya durƙusa, ya rarrafa zuwa kujera mai ƙarfi ya dafa ya tashi a hankali kuna tallafe da shi. Ko bai ji ciwo ba a faɗa wa likita, don wanda ya faɗi sau ɗaya ya fi kusa da sake faɗuwa.

Yaushe zamu san ko yana amfani?

A ba shi sati 6 zuwa 8 ana yi ba fashi, sannan a ɗauko takardar nan da kuka rubuta lokacin awon kujera a sake aunawa, kujera ɗaya, mita 3 ɗin dai, takalmi ɗaya. A ƙara da ƙirga sau nawa yake iya tashi ya zauna a daƙiƙa 30. A kuma tambayi wanda yake kwana da shi, yanzu yana tashi banɗaki da kansa? Yana iya tsayuwa a raka'ar farko? In lokacin awon kujera ya ragu, ƙirgar tashi da zama ta ƙaru, kuma gida sun ga canji a ci gaba, ana ƙara atisayen ƙasa ana rage dogaro da injin. In ba abinda ya motsa a koma wajen likita a binciki dalili, wataƙila ƙarancin jini ne, ko ido, ko kunne, ko magani. Kuma a sani duk abinda aka samu, ko da inji ko ba inji, in aka daina yi yana zubewa cikin 'yan watanni, don haka a zaɓi tsarin da gidan zai iya riƙewa ko bayan an koma makaranta kowa ya shiga hidimarsa.